Robar Ƙoda Baƙuwa Ce, Kada Ki Bari Ta Zama 'Yar Gida

Maganarmu ta wannan mako a kan wata 'yar roba ce wadda likitoci su kan bari a cikin hanyar fitsarin mutum bayan sun yi masa aiki. Ba robar nan da kuka sani ba, wadda a kan gani da jakarta tana reto a gefen gadon asibiti. Wannan a ɓoye ta ke can cikin jiki, ido ba ya ganinta, hannu kuma ba ya taɓa ta.

Mace ta kan dawo da ita gida daga asibitin birni, ko ita mutuniyar Fanisau ce, ko Rangaza, ko Gayawa, ko Karo, ko cikin garin Ungogo. Bayan kwana biyu sai fitsari ya matsa mata, mara ta riƙa ciwo, wani lokaci har ta ga jini. To, daga nan sai mata su rabu gida biyu. Wata ta tsorata, ta ce aikin bai yi ba, ta koma wa jiƙe-jiƙe. Wata kuwa ta daure har jikinta ya saba, ta manta akwai wani abu a cikinta, ranar da aka ce ta koma ta zo ta wuce. Duka biyun suna cikin hatsari, amma na ta biyun ya fi girma. Sabo da haka ina so ki karanta wannan a natse, ki kuma karanta wa maƙwabciyarki wadda ba ta iya karatu ba, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

WACE IRIN ROBA CE?

Ko wane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya a kwiɓin dama, ɗaya a na hagu, can wajen baya ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu tace jini dare da rana, abin da suka tace shi ne fitsari. Daga ko wace ƙoda akwai wata siririyar magudana da ke sauko da fitsarin zuwa mafitsara, inda ya ke taruwa kafin a zubar. Tsawon magudanar nan a babban mutum santimita 25 zuwa 30 ne, watau inci 10 zuwa 12. In ta toshe, fitsari ba shi da hanyar fita, sai ya koma ya cika ƙodar ta kumbura, in an jima kuwa ta lalace.

Robar da mu ke magana a kanta ita a kan zura cikin wannan magudana don ta riƙe ta a buɗe. Kaurinta bai wuce na taliya ba, kamar milimita 2, tsawonta kuwa ya kan kama daga santimita 22 zuwa 30, gwargwadon tsayin mai ita. Tana da rami a tsakiya da ƙananan huda a jikinta. Bakinta na sama a nannaɗe ya ke cikin ƙoda, na ƙasa kuma a nannaɗe cikin mafitsara. Likitoci suna ce mata sitent, ko kuwa Di-je. Ki riƙe sunayen nan biyu, don su za ki ji a asibiti.

Ba tsohon abu ba ne ƙwarai. A shekarar 1967 wani likita a Amurka mai suna Zimskind ya ba da labarin yadda su ke zura irin wannan roba ta hanyar mafitsara su bar ta a ciki. Amma na farkon su kan zame daga inda aka sa su. Sai a 1978 wani likitan, Finney, ya fito da mai lanƙwasa a kai biyu, wadda ba ta saurin zamewa. Irinta ce a ke aiki da ita har yau a asibitocin duniya, har da namu na Kano.

ME YA SA A KAN SA WA MACE?

Dalili na farko tsakuwar ƙoda. Ƙasarmu ƙasar zafi ce, gumi da yawa, shan ruwa kaɗan, sai fitsari ya yi kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule ya zama tsakuwa. In tsakuwar ta maƙale a magudana, ko kuwa an shiga an fasa ta wurin ya kumbura, sai a sa roba.

Na biyu ya fi shafarmu mu mata. Magudanar nan tana wucewa dab da mahaifa. In naƙuda ta yi tsawo aka kai mace asibiti a makare, aka yi mata fiɗa cikin gaggawa jini yana zuba, ko kuwa aka cire mata mahaifa, magudanar ta kan sami rauni. Wata ma sai bayan kwanaki za ta ga tana yoyon fitsari, alhali kuwa tana zuwa ta yi fitsarinta kamar yadda ta saba. Wannan alama ce mai nuna watakila a magudana raunin ya ke. A kan gyara, a sa roba har wurin ya warke. Haka kuma wajen ɗinkin yoyon fitsari irin wanda doguwar naƙuda ke jawowa, in ɓular tana kusa da bakin magudana a kan zura roba don a tsare ta. Wannan ɗinki ana yinsa a sashen masu yoyon fitsari na Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da kuma Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara shi tun 1984.

Na uku juna biyu. Ciki in ya girma ya kan danne magudana, galibi ta dama. Yawanci ba ya bukatar kome, amma in ya haɗu da tsakuwa ko zazzaɓin ƙoda, sai a sa roba har a haihu.

Na huɗu tsargiya. Yarinyar da ta yi ta wanka da wanki a kududdufi ko rafi tana ƙarama, ƙwan tsutsar tsargiya ya kan bar mata tabo a ƙasan magudana, sai ta girma wurin ya tsuke. Na biyar ciwon daji na bakin mahaifa, wanda ya kan matse magudanar daga waje. Na shida dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, don a kan sa roba inda aka haɗa sabuwar ƙodar da mafitsara.

Kin ga ke nan ba don mugunta a ke sa ta ba, ba kuma mantuwa likita ya yi ya bar wani abu a cikinki ba. Ceton ƙodarki ta zo yi.

WAHALAR DA TA KAN KAWO, DA DALILINTA

Gaskiya ɗaya ce, robar nan ba ta da daɗin zama. A shekarar 2003 waɗansu likitoci a Ingila suka bi masu ita da tambayoyi, suka tarar wajen mutum 8 cikin 10 tana damunsu da ciwo ko matsalar fitsari. Don haka in kin ji irin wannan, kada ki ce ke kaɗai ce, kada kuma ki ce sammu ne ko aikin kishiya. Ga abubuwan da za ki iya ji, ga kuma dalilin ko wanne.

Yawan fitsari da matsuwa. Ƙasan mafitsara wuri ne mai saurin jin taɓi, shi ne ma ke gaya miki ta cika. To, a daidai nan bakin robar ya ke kwance yana gogarsa. Sai mafitsara ta ɗauka ta cika alhali cokali biyu ne a ciki. Shi ya sa za ki yi ta zarya zuwa bayan gida dare da rana, kina fitowa kina jin kamar da saura, wani lokaci ma ya zubo kafin ki kai.

Zafi a ƙarshen fitsari. Yayin da mafitsara ta zubar da abin da ke cikinta sai ta tsuke, ta matse nannaɗen robar. Wannan ne zafin da ke sukar mara daidai lokacin da ki ke gamawa.

Ciwon kwiɓi lokacin fitsari. Allah ya yi wa bakin magudana wani irin ƙyaure mai buɗewa waje ɗaya. Fitsari ya kan sauko, amma in mafitsara ta matsa sai ƙyauren ya rufe, ba ya komawa sama. Robar kuwa kamar kara ce da aka gitta a bakin ƙofa, ta hana ƙyaure rufuwa. Kina yunƙurin fitsari, wani sashe nasa yana hawa can ƙoda, sai ki ji kwiɓi ya ɗaure. In kin gama da ɗan lokaci sai ya saki.

Jini a fitsari. Duk motsin da kika yi, robar ma tana motsi tana kankarar fatar ciki. Sai ki ga fitsari ya yi ja-ja kamar an tsarma zoɓo da ruwa, musamman ranar da kika yi daka, ko surfe, ko jan guga, ko kika sha hanya mai gargada a kan babur. Ɗigon jini kaɗan ya isa ya rina fitsari mai yawa. In kin huta kin sha ruwa ya kan washe. Ki sani wannan jini ta hanyar fitsari ya ke fitowa, ba jinin al'ada ba ne. Game da tsarki da salla kuwa, ga mai ɗigon fitsari akwai sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalura, sai ki tambayi malamarku ta Islamiyya, kada kunya ta sa ki bar salla.

Waɗannan duka in babu zazzaɓi tare da su, ba alamar aikin ya ɓaci ba ne. Sun fi tsanani a kwanakin farko, ga mata da yawa su kan ragu daga baya, in an cire robar kuma su tafi.

ABIN DA ZA KI YI A GIDA

Babban magani ruwa ne. Na san abin da zuciyarki za ta ce: ina fama da yawan fitsari, kuma a ce in ƙara ruwa? I, haka ne. Fitsari mai kauri ya fi zafi, ya fi tara ƙwayoyin cuta, ya kuma fi saurin ɗaura wa robar tsakuwa. Ki sha lita 2 zuwa 3 a yini, watau ruwan leda 4 zuwa 6. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ko kuwa kina shayarwa, ki ƙara. Ma'auninki launin fitsarin: in ya yi fari-fari kin sha daidai, in ya yi kamar shayi da saura. Ki sha yawancinsa da rana, ki rage bayan magariba don ki sami barci. Amma fa wadda likita ya ƙayyade wa ruwa sabo da ciwon zuciya ko gazawar ƙoda, sai ta tsaya kan abin da ya ce.

Kada ki riƙe fitsari, kada kuma ki yi masa yunƙuri. Ki tsuguna ki saki jiki ya fito da kansa, don yunƙuri shi ke tura shi sama.

Ki rage goro, da shayi mai ƙarfi, da kofi, da lemon kwalba, da yaji mai yawa, don suna tsokanar mafitsara. Ki rage gishiri da dunƙulen miya da kanwa, don gishiri mai yawa yana ƙara abin da ke zama tsakuwa a fitsari. Mai jego ta lura da wannan wajen kunun kanwa.

Kada ki bari bayan gida ya yi miki tauri, don hanji in ya cika yana danne mafitsara ya ƙara ciwon. Miyar kuka, da kuɓewa, da zogale, da alayyafo, da gwanda, da lemon zaƙi, duk abokanki ne, ga su kuwa a gonakinmu da kasuwanninmu.

Aiki mai nauyi ki ɗaga masa ƙafa. Shara da girki da 'yar tafiya ba kome, zama wuri ɗaya ma ba shi da kyau. Amma turmi da taɓarya, da tulun ruwa, da dammen itace, a ba yara ko abokiyar zama har a cire. In kwiɓi ko mara ya dame ki, ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki ɗora, ba mai ƙuna ba.

Game da kwanciyar aure, ki tambayi likita ko ungozoma tun kafin a sallame ki. Robar kanta ba kullum ta ke hanawa ba, ko da ya ke ta kan sa ciwo. Amma in an bar mata zare a waje sai a haƙura har a cire. Wadda aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari kuwa, nata haƙurin na watanni ne, kuma maigida ya kamata ya ji wannan daga bakin likita.

In watan azumi ya same ki da ita, ki nemi shawarar likita kafin ki ɗauka. Yini guda ba ruwa cikin zafi yana iya tayar da ciwon, mara lafiya kuwa an yi masa rangwame ya rama daga baya.

MAGUNGUNAN LIKITA

In wahalar ta hana ki barci ko aiki, kada ki yi shiru. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, likita ba zai sani ba sai kin faɗa. Akwai magunguna masu sauƙaƙawa, ko da ya ke babu wanda ke kawar da ita ɗungum.

Na farko farasitamol, don ciwo. Babban mutum ya kan sha ƙwaya 2 a lokaci guda, amma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare.

Na biyu tamsulosin, ƙwaya ɗaya a yini. Yana sassauta naman magudana da wuyan mafitsara, sai ciwon kwiɓi da matsuwa su ragu. An fi saninsa da maganin dattawan maza masu wahalar fitsari, har wani mai kemis ya kan ce ai wannan na maza ne. Ba kuskure likita ya yi ba, ana ba mata masu robar nan. Ya kan sa jiri in an miƙe da sauri, don haka ki riƙa tashi a hankali.

Na uku masu kwantar da mafitsara ta daina matsawa ba dalili, irin su solifenasin, da oksibutinin, da mirabeguron. Biyun farko su kan busar da baki, su taurara bayan gida, kuma ba a ba mai wani irin hawan jinin ido. Wani lokaci likita ya kan haɗa ɗaya daga cikinsu da tamsulosin.

Akwai kuma diklofenak da ibufurofen. Suna kashe irin wannan ciwo ƙwarai, amma suna iya cutar da ƙodar da ta raunana, suna tayar da gyambon ciki, kuma ba su dace da mai juna biyu ba. Kada ki saya da kanki. Haka turamol, ki nisance shi sai da takardar likita.

Abin da na fi ja miki kunne a kansa shi ne kafso da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Zafin da roba ke sawa gogayya ce, kafso ba ya maganinta. In kin yi ta sha barkatai, sai ƙwayoyin cutar da ke maƙale a jikin robar su saba da shi, ranar da a ke bukatarsa da gaske ya ƙi aiki. A auna fitsari tukuna, likita ya zaɓi wanda ya dace. Jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, da magungunan sanyi na masu talla a kasuwa, ƙodar da ke jinya ce za ta tace su, kada ki ƙara mata kaya. Mai juna biyu da mai shayarwa kuwa, ko wane magani sai sun faɗa wa likita halin da su ke ciki.

In duk an yi wannan ciwon bai lafa ba, a kan ɗauki hoto a duba. Watakila robar ta yi tsawo ga jikinki, ko ta gusa daga wurinta. Sai likita ya sake wata, ko ya cire ta da wuri in aikinta ya ƙare.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Ga waɗanda in kin ga ɗaya daga cikinsu, ko tsakar dare ne a nemi abin hawa:

Zazzaɓi, musamman mai rawar ɗari, ko zafin jiki ya kai digiri 38. Kada ki yanke cewa na cizon sauro ne ki sayi magani ki kwanta. Ga mai robar nan, zazzaɓi yana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka hau ƙoda, daga can kuwa cikin jini su ke shiga, abin kuma ba ya jira.

Amai wanda ya hana ruwa zama a ciki. Ciwon kwiɓi mai tsanani wanda magani bai taɓa shi ba. Fitsari ja wur mai kauri, ko mai guda-gudan jini. Fitsari ya tsaya cik, ko ya ragu ƙwarai. Fitsari mai wari da ruwan mugunya. Fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa ba ki sani ba, don wannan ya kan nuna robar ta zamo ƙasa. Ko kuwa ki ga bakinta ya leƙo waje. In haka ta faru kada ki ja, kada ki mayar.

Duk asibitin da kika isa, ko ƙaramin na unguwarku ne, maganar farko da za ki faɗa ita ce, "Akwai robar ƙoda a cikina, an sa mini ran kaza." Wannan magana ita za ta sa su san inda za su dosa.

RANAR TAFIYAR BAƘUWA

Yanzu mun zo kan gindin maganar. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ko wace roba da wa'adinta. Bayan fasa tsakuwa ta kan yi 'yan kwanaki zuwa mako 2. Bayan ɗinkin magudana ta kan yi kamar mako 4 zuwa 6. Wadda lalurarta mai daɗewa ce, kamar ciwon daji, a kan sake mata sabuwa bayan wata 3 zuwa 6, sai fa in likita ya ce irin tata mai jurewa ce fiye da haka. Mai juna biyu kuwa tata ta fi saurin tara tsakuwa, a kan sake ta kusan ko wane mako 4 zuwa 6.

Me zai faru in ta wuce wa'adi? Kin san yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya. Haka gishirin fitsari ke kama jikin robar sannu sannu. A shekarar 1991 likitocin birnin Riyad na ƙasar Saudiyya suka duba robobin da suka cire wa masu tsakuwar ƙoda. Waɗanda ba su kai mako 6 ba, wajen 1 cikin 10 ne suka yi ƙanzo. Tsakanin mako 6 da 12, kusan rabi. Waɗanda suka wuce mako 12 kuwa, 3 cikin 4. Kin ga yadda kwanaki ke aiki.

In aka ci gaba da barinta, ramin ya toshe, tsakuwa ta girma a kanta na sama da na ƙasa, har ta kafe ba ta jawuwa. Wata ta ruɓe ta kakkarye gunduwa gunduwa. Mugun abin shi ne, ƙodar da ta toshe ta kan mutu shiru ba ciwo, don 'yar'uwarta ta ɗauke mata aiki, mace tana fitsarinta tana cewa lafiya lau. Likitocinmu na Najeriya sun sha ba da labarin robobin da aka manta da su shekara da shekaru. Abin da da za a cire cikin 'yan mintoci, sai ya koma aikin tiyata sau biyu ko uku, da kuɗi masu yawa, wani lokaci har a cire ƙodar gaba ɗaya.

Mantuwar nan kuwa ba wauta ke kawo ta ba. Wata an gaya mata tana cikin mayen allurar barci. Wata mijinta aka gaya wa, shi kuwa ya tafi ci-rani. Wata ta ji sauƙi ta ce an gama. Wata ranar ta faɗo da damina ana tsakar noma, ko da kaka ana yankan gero da cirar gyaɗa, aka ce bari a gama tukuna. Wata kuwa kuɗin ne babu. To, ga dabaru.

Kafin ki bar asibiti ki yi tambaya huɗu, matambayi ba ya ɓata. An sa mini roba a ciki? A wane gefe, ko kuwa duka biyu? Wace rana za a cire, kuma a wane ɗaki? Nawa zan tanada? A rubuta miki amsar a kati, ki adana shi inda ki ke adana abin wuyanki na gwal.

Ki gaya wa mutum biyu ban da maigida, kamar mahaifiyarki da babbar 'yarki. A sa ranar a waya ta yi ƙara, a kuma zana ta a kalanda. In ba mai karatu a gidan, ki ƙirga Juma'o'i. In mako 6 aka ce, ki sa ƙwallon dabino 6 a gwangwani, ko wace Juma'a ki fid da ɗaya. Ranar da gwangwani ya zama wayam, tafiya ta zo. Kuɗin kuwa ki fara tarinsu tun ranar da kika dawo, ko a asusu, ko ki roƙi uwar adashi ta sa kwasarki ta faɗo daidai lokacin.

In kuwa kina karanta wannan kin tuna an taɓa yi miki aikin ƙoda, ko na mahaifa, ko na yoyon fitsari, aka ambaci wata roba, ba ki kuwa tuna ranar da aka cire ba, to, kada ki jira ciwo. Hoto ɗaya ya isa ya nuna ko tana nan. Ki koma inda aka yi miki aikin, ko ki je Cibiyar Abubakar Imam ta masu ciwon mafitsara a Kano, ko sashen mafitsara na Asibitin Malam Aminu Kano da ke hanyar Zariya. Ƙasar Ungogo tana manne da birni, adaidaita sahu ma ya kai ki. Ko kin makara, zuwa yau ya fi zuwa gobe.

YADDA A KE CIREWA

Mata da yawa tsoron cirewa ke hana su komawa, suna zaton za a sake tsaga su. Ba haka ba ne. In an zo kan lokaci ba wuƙa ba ɗinki. A kan shafa maganin kashe zafi, a zura wani siririn madubi mai fitila ta hanyar fitsari, a kamo bakin robar a zaro. Mu mata ma abin ya fi mana sauƙi, don hanyar fitsarinmu gajeriya ce, kamar santimita 4. Cikin 'yan mintoci an gama, yawanci a ranar za ki koma gida. Wata robar kuma da zarenta a ke barinta, ma'aikacin asibiti ya ja ta fito. Bayan cirewa za ki iya jin zafi da ɗan jini kwana ɗaya ko biyu, ki ci gaba da shan ruwa. In zazzaɓi ya biyo baya, ko ciwon ya tsananta, ki koma.

In kunya ce ta dame ki, ki nemi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke. Wannan haƙƙinki ne, ba roƙo ba.

Daga ƙarshe ina da saƙo ga masu gida, don na san waɗansunsu suna leƙa filin nan namu. Malam, in an ce uwargida ta koma ran kaza, izninka da kuɗin mota da rakiyarka suna cikin maganin. Buhun gero ɗaya da za a sayar yau ya fi gona da za a jinginar baɗi. Ku kuma iyayenmu surukai, in kun ga yarinya ta ajiye taɓarya tana yawan zagayawa, ba lalaci ba ne, ku taya ta ƙirgar Juma'o'in.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa kaffara ne, mu kuma ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.